Ambulan na Bakwai

Ranar Alhamis ce, ƙarfe goma da minti ashirin na safe, kuma ba na jin za ta fita raina muddin ina numfashi. Mu uku ne a biro, wato ofishinmu: Dokta Rakiya, malamar jami'a wadda nake yi wa aiki, Iliya, direban ƙungiyarmu ta bincike, wanda ya shigo karɓar takardar tafiya, sai ni, Isufu, mai rubuta hirarraki.

Na rubuta wannan ne dominku, ku da kuka shigo aikin a bayanmu. Kun sha tambayata abin da ya sa matakan aikinmu bakwai ne, alhali a tsohuwar takardar da ke manne a bango shida aka buga, na bakwan kuma da hannu aka ƙara shi. Hannuna ne. Ga yadda aka yi.

Da farko ku san ko ni wane ne. Ban yi karatu mai nisa ba. Daga kolej na koyi buga na'ura, na yi shekaru ina buga wasiƙu a wani biro na gwamnati. Dokta ta ɗauke ni saboda abu uku: haifaffen Damagaram ne ni, ina jin Barbarci daidai gwargwado, kuma ba na zubar da kalma. In mutum ya yi tari a tsakiyar magana, sai na rubuta cewa ya yi tari. Da wannan nake alfahari.

Ita Dokta ba 'yar nan ba ce, daga yamma ta zo. Duk rayuwarta ta aiki a kan abu guda ta ƙare: addini, da rikici, da yadda mutane ke komawa su zauna tare bayan an zubar da jini. Ta fara da masu wa'azin kasuwa, ta koma kan manoma da makiyaya. Bayan tarzomar nan da kowa ya sani, wadda aka ƙone majami'u a cikin gari, sai ta shiga bin unguwanni gida-gida. Takan ce neman wanda ya kunna wuta aikin alƙali ne. Ita wanda ya ƙi kunnawa take nema, da abin da ya hana shi.

Matakan aikin a lokacin su ne waɗannan. Na farko, a karanta wa mutum takardar yarda da Hausa, a gaya masa yana iya tsayar da hirar duk sa'ad da ya ga dama. Na biyu, a ɗauki muryarsa. Na uku, a ba hirar lamba, kuma daga nan ba a ƙara kiranta da sunan mai ita. Na huɗu, in saurara in rubuta ta kalma bayan kalma, sannan in mayar da ita Faransanci. Na biyar, in cire sunayen gaskiya in sa na aro, in rubuta na gaskiyar a kaye guda, wato littafin rubutu, da ke kulle cikin akwatin ƙarfe. Na shida, idan Dokta ta gama rubutunta, a tara waɗanda abin ya shafa, limamai da pastoci da masu unguwanni, a karanta musu abin da aka samo, su gyara ko su musa. Wannan shi muke kira maida bayani.

Yanzu sai hira mai lamba goma sha bakwai, domin a kanta komai ya tsaya.

Mai ita na sa masa suna Malam Habu, kuma haka zan ci gaba da kiransa. Baduku ne a Zango, dattijo mai ɗingishi, na'ibin limamin masallacin unguwarsu. Limamin ya tsufa ƙwarai, saboda haka shi ke jan salloli biyar. Ranar tarzoma wata ungozoma Kirista, Madam Saratu, ta faɗo gidansa a guje tare da tsohuwarta. Ya sa su a ɗakin da yake ajiye fatu da littattafansa. Ba a jima ba taron matasa ya iso ƙofarsa, kuma wanda ke gaba ɗan ƙanensa ne, wanda shi ya rene shi. Suka ce an ga matan sun shigo lungun. Ya ce ba su nan. Sai ɗan ƙanen ya ɗaga murya ya ce in gaskiya ne ya ɗauko Alƙur'ani ya rantse. Ya ɗauko, ya dafa, ya rantse. Suka juya suka tafi.

Ga abin da ya ce a hirar, kamar yadda na rubuta: “Na san abin da littafi ya ce game da ceton rai. Amma ba littafi ke bina salla ba, mutane ne. Ranar da suka ji na dafa Alƙur'ani a kan ƙarya, wa zai ƙara tsayawa bayana? Wa zai karɓi shaidata wurin ɗaurin aure? Yaron nan ma tun ranar ya canza masallaci. Ban san abin da ya gani ba.” Sau uku ya sa Dokta ta yi masa alkawari cewa ba wanda zai gane shi.

Wannan hirar ita ce ginshiƙin rubutun Dokta mafi girma. Sai na ɗan yi bayani a nan. Malamin jami'a ba ya samun ƙarin girma don ya daɗe a aiki. Sai ya haɗa dosiye na rubuce-rubucen da aka buga masa, ya aika wa wani taron manyan malamai da ke zama sau ɗaya a shekara. Rubutu guda ya rage wa Dokta dosiyenta ya cika, kuma shi ne wannan. Masu bugawa sun riga sun karɓa. Maida bayani kawai ya rage, an sa shi ranar Litinin. Ni kuma, don kada a ce mun yi jinkiri, tun Talata da Laraba na raba takardun gayyata guda bakwai, kowace ambulan da taƙaitaccen rubutun a ciki, da Faransanci. Kowa ya sa mini hannu a kayen karɓar saƙo.

To, mu koma ranar Alhamis. Al'adar Dokta ce kafin taro ta karanta rubutun da ƙarfi tana mayar da shi Hausa, in riƙa gyara mata. Iliya yana tsaye yana jiran in buga wa takardarsa hatimi. Ta faɗi kan maganar, cewa a kan waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu ne, sannan ta fara: “Malam Habu baduku ne, dattijo mai ɗingishi, shagonsa yana kallon famfon unguwa. Shi ke ɗinka gafaka, kuma shi ke jan salla tun da liman ya...”

Iliya ya yi dariya. Ya faɗi sunan mutumin na gaskiya, har da laƙabin da yara ke kiransa da shi. Ya ce, “Ai shi ya ɗinka mini rigar Littafi Mai Tsarki. Ashe shi ne ya ɓoye Madam Saratu! Ta ƙi gaya wa kowa, har pasto.”

Dokta ta kife takardar a kan tebur. Ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba.

“Malam Isufu, layi nawa na karanta?”

“Biyu, Dokta.”

“Ambulan nawa ka raba?”

“Bakwai.”

Ba sai an gaya mini laifin wa ba ne. Ita baƙuwa ce; a wurinta baduku mai ɗingishi yana iya zama kowa. Ni kuwa na sha wucewa ta gaban shagon nan tun ina yaro. Mataki na biyar nawa ne. Takarda ta ce a canza suna, na canza suna, na bar sauran duka, saboda ni ba na zubar da kalma. Ban taɓa tsayawa na tuna cewa a garin nan ba da suna muke gane mutum ba. In ka ce Habu, za a ce wane Habun? Amma in ka ce baduku na gaban famfo, ko makaho zai kai ka.

Dokta ta tsara abin yi. Da farko a karɓo ambulan bakwai ɗin. Bayan haka a je wurin mai maganar. Na ce ko a buga musu waya a ce kada su buɗe. Ta ce, “Mutumin da ka ce wa kada ya buɗe, kafin ka ajiye wayar ya buɗe.”

Kafin mu fita na ɗauko takardar riƙe sirri na miƙa wa Iliya da bik na rubutu. Shi dai Kumandan yake kirana, wai don ban cika dariya ba.

“Haba, Kumandan,” in ji shi. “Ni da aka ƙone mana majami'a, ni zan tona wanda ya ɓoye 'yar'uwarmu?”

“Ban ce za ka tona ba. Sa hannu.”

“Kai ko ranar tashin ƙiyama sai ka nemi mala'iku su sa maka hannu a kaye.”

Ya sa.

Biyar daga cikin ambulan ɗin suna hannun mutanen cikin gari. A kowane gida abu guda na faɗa, kuma gaskiya ce: akwai kuskure a takardar, nawa ne, za a kawo wata. Limamai biyu ba su buɗe ba. Mai unguwa ya buɗe, ya karanta gayyatar, ya ga sauran da yawa ya tura ƙarƙashin tabarma. Pasto yana tafiya, tasa tana kan teburinsa a rufe. Wani ɗan kasuwa Bakano, wanda ke cikin masu sulhun kasuwa, ya miƙo mini tasa yana cewa, “Ku da Faransancinku! Da ma jira nake Litinin a faɗa mini da baki.” Kafin azahar biyar suna cikin jakata.

Ta shida tana Gidimuni, wurin wani limami. Ta bakwai kuwa sunan sakataren komiten sulhu na Zango ke kanta, wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da ake kira Mushe Mutari; Mushe shi ne yadda muke kiran malamin boko. Mun biya gidansa muka tarar a rufe, sai muka wuce Gidimuni. Limamin can ya ciro ambulan daga cikin rufin ɗakinsa, ko yagewa ba a yi ba; yana jiran ɗansa ya dawo ya karanta masa. Ya hana mu tafiya sai da ya cika mana bayan mota da rake daga lambunsa na bakin tafki. Iliya ya sha rake har muka shigo gari. Ni ban iya ba.

Muka koma gidan Mushe Mutari gab da magariba. Matarsa ta ce a Zermu yake koyarwa, ya tafi tun Laraba da asuba, kuma ya sa takardar a jakarsa don ya karanta a can. Da muka fito, Iliya ya tsaya bai buɗe mota ba. Ya nuna mini katangar gidan da haɓarsa. Katanga ɗaya ce da ta gidan Malam Habu.

“Kumandan, ka san gidan wa ne wannan? Na ƙanensa ne, marigayi. Mushen nan ɗan ƙanensa ne.”

Iliya bai san nauyin abin da ya faɗa ba, domin bai ji zancen rantsuwa ba. Ni na sani. Cikin mutanen Damagaram duka, na ɗauki sirrin tsohon nan na kai shi hannun mutumin da ya fi tsoron ya sani, kuma na sa an sa mini hannu.

Dokar aikinmu ta hana mota fita gari bayan faɗuwar rana. Sai Juma'a ƙarfe bakwai muka kama hanyar Zermu. Mun isa lakwal tara da kwata, yana cikin aji. Ban katse masa darasi ba. Na zauna ƙarƙashin itacen bedi har aka tashi shan iska ƙarfe goma. Iliya ya zauna a mota, ni na ce masa ya zauna.

Mushe Mutari ya fito, mutum mai kamar shekara talatin da wani abu, alli a hannun rigarsa. Muka gaisa. Ban gama bayanina ba ya koma aji ya ɗauko ambulan. A yage take.

“Baba Isufu, kai ka buga wannan?”

“Ni ne.”

“Akwai kuskure biyu a Faransancin shafi na farko. Na gyara maka.”

Da jan bik ya gyara, kamar takardar ɗan aji uku. Na ce na gode. Sannan ya buɗe shafi na huɗu. Ya ja layi ƙarƙashin inda aka ce ba wanda ya san matan suna ciki, kuma a gefe ya rubuta da Hausa: ba gaskiya ba ne.

Ya zauna a kan saiwar bedin, sannan ya ce:

“Ni ne a gaba ranar. Ba zan ce an tura ni ba. Da ƙafata na je, da sanda a hannuna. Da Baba ya buɗe ƙofa, na leƙa ta bayansa, sai na ga takalmi a bakin ɗakin fatu. Farin takalmin roba irin na ma'aikatan asibiti, da wani tsoho na fata, an jera su tsaf. Na san farin. Wata biyu yana kwana a bakin ɗakin innata lokacin da take jinya, Madam Saratu tana zuwa yi mata allura. Ka ji fa, Baba Isufu. Mace tana gudun mutuwa, amma ta ga littattafai a ɗaki, ta tsaya ta tuɓe takalmi, ta tuɓe wa tsohuwarta.”

Hannuna ya tafi aljihu neman bik, don sabo. Na tuna ba a karanta masa takardar yarda ba. Na mayar da hannun.

Ya ci gaba. “Na matsa na tare bakin ƙofar da jikina don kada na baya su hango. Amma na san su. Ba za su koma don tsoho ya ce babu ba, sai sun shiga sun duba. Abu ɗaya na san zai juya su. Shi ya sa na ce ya rantse. Na sa mutumin da ya rene ni ya dafa Alƙur'ani a kan ƙarya, ina sane. Tun ranar ban iya tsayawa bayansa ba. Na ɗauka ya tsane ni. Sai da na karanta takardarka na ga ashe shi tsorona yake ji.”

Aka kaɗa ƙarfen komawa aji. Ya miƙe ya kaɗe wandonsa.

“Kada ka rubuta wannan. Kada ka kai wa kowa, ko Doktar taku.”

Na ce, “Abin da ka faɗa ba zan kai ba. Amma cewa ka karanta, dole a gaya masa. Haƙƙinsa ne.”

Ya ce, “To.”

Ƙarfe uku na yamma na jera wa Dokta ambulan bakwai a kan tebur, na gaya mata wanda ya karanta ta bakwai da dangantakarsa da mai maganar. Ta buɗe, ta ga jan rubutun da ke gefen shafi na huɗu.

“Me yake nufi da ba gaskiya ba ne?”

“Ya yi mini bayani, Dokta. Amma ba a karanta masa takardar yarda ba, kuma ya hana.”

“Ni ma?”

“Ke ma. Ya ambace ki.”

Tun da na fara aiki ban taɓa hana shugabana amsa ba sai ranar. Ta dube ni ta dubi jan rubutun. Mace ce mai kaifin hankali, na tabbata ta hango rabin abin. Ta ce, “Shekara nawa ina yawo a garin nan ina neman irin abin da ke cikin kanka yanzu.” Sannan ta ninke takardar, ta sa a akwatin ƙarfe, ta kulle. Ba ta ƙara tambayata ba, har bayan shekaru.

Asabar ƙarfe tara muka je shagon Malam Habu, ni da ita. Yana ɗinkin gafaka. Dokta ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya sa aka shimfiɗa mata buzu. Ta faɗa masa komai bi da bi, ba ta rage ba, kuma ta ce laifinta ne. Na ce a'a, Malam, ni na buga, ni na raba. Bai daina ɗinki ba.

“Su wa suka gane ni?”

“Direbanmu ya gane ka, amma bai ji zancen rantsuwa ba,” in ji Dokta. “Mutum ɗaya ne ya karanta duka. Mutari.”

Basillar ta tsaya a cikin fata. Wata mata ta zo karɓar jaka, ya ce ta dawo gobe.

“Me ya ce?”

Ni ya tambaya, don ya ji ni na je Zermu. Na ce, “Abin da ya ce nasa ne, Malam. Shi zai faɗa maka in ya so.”

Ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa. “Au. Yanzu kun iya riƙe magana.”

An sha yi mini faɗa a wurin aiki, har da zagi. Babu wanda ya kai wannan zafi, kuma a hankali ya faɗe shi.

Dokta ta ce masa rubutun bai fita ba tukuna, kuma shi ke da iko: a gyara shi yadda ba za a gane shi ba, ko a cire gaba ɗaya. Ba ta gaya masa abin da cirewar za ta jawo mata ba. Ni na buɗe baki zan faɗa, ta girgiza mini kai.

Ya ce, “Wancan karon ma kin ce ba za a gane ni ba. A cire.”

Ta ce, “An cire, Baba.”

Ya koma ɗinkinsa. Bai raka mu ba, bai kuma miƙo mini hannu ba.

Abin da na yi ranar Lahadi ba ya cikin aikina, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi irinsa. Na kasa zama a gida. Da la'asar ta gabato na hau kabu-kabu na tafi Zango, na yi alwala a famfon nan, na shiga masallacinsu na tsaya a sahun baya. Na san malaman lakwal na ƙauye suna gida ranar Lahadi. Malam Habu ya shigo yana ɗingishi, ya tuɓe takalminsa a bakin ƙofa, ya wuce gaba. Da zai daidaita sahu ya waiwaya ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Na ga yana neman abin da yake tsoro a fuskokin. Bai samu ba. Mutane suna ta gyara tsayuwa kamar kullum.

Ana cikin tayar da iƙama Mutari ya shigo. Bai tsaya a baya ba. Ya ratsa har sahun farko, aka matsa masa, ya tsaya daidai bayan liman. Wani tsoho a gefensa ya ce, “Mushe, yau ka tuna hanya?” Malam Habu ya gan shi. Ya juya ya fuskanci alƙibla, ya ɗan jima fiye da yadda aka saba, sannan ya yi kabbara.

Da aka sallame aka yi addu'a, Mutari ya riga kowa fita. Ya ɗauki takalman tsohon, ya kaɗe su, ya juya su suna kallon waje, ya jera su tsaf a bakin ƙofa, ya tsuguna a gefe. Malam Habu ya fito. Ya dubi takalman, ya dubi yaron. Ya sa ƙafa ɗaya, ya dafa kafaɗar Mutari ya sa ɗayar, kuma bai ɗauke hannun ba. Haka suka bi lungu har suka shige gida. Ban ji abin da suka ce ba, ban kuma tambaya ba.

Ranar Litinin aka yi maida bayani ba tare da hira ta goma sha bakwai ba. Taron ya yi kyau daidai gwargwado, ba wanda ya san an cire wani abu. Ranar Talata Dokta ta rubuta wa masu bugawa ta janye rubutun. Dosiyenta bai tafi ba a shekarar. Wani malami da ya shigo aiki bayanta ya wuce ta, har ya zama shi ke sa mata hannu a takardar tafiya na ɗan lokaci. Ba ta taɓa yi mini gorin wannan ba ko sau ɗaya. Hukuncin da ta yi mini guda ne: ta miƙo mini bik ta ce in je bango in ƙara mataki na bakwai da hannuna, ita tana faɗa ina rubutawa. Ba takardar da za ta fita daga biron nan sai an karanta ta da ƙarfi a gaban mutum biyu haifaffun Damagaram waɗanda suka sa hannu a takardar sirri. In ɗayansu ya ce “ai wane ne,” takarda ta koma.

Bayan kusan shekara Malam Habu ya aiko aka kira ni. Ya ba ni hannu a wannan karon. Ya ce muryarsa da ke wurinmu kada a goge ta. In ya mutu, in mun koyi yadda ake faɗin magana ba tare da an nuna mai ita ba, mu faɗa. In ba mu koya ba, mu bari. Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa. Mushe Mutari kuma na je na karanta masa takardar yarda daga farko har ƙarshe, ya gyara mini waƙafi guda, ya sa hannu. Sai a ranar Dokta ta ji abin da aka faɗa mini ƙarƙashin bedi.

Abin da na koya ba shi da yawa. Na ɗauka aikinmu shi ne kada a zubar da kalma. Ashe wanda ya ba ka maganarsa ya ba ka zamansa a unguwa ne, da sahun da ke tsayawa bayansa, kuma shi zai ci gaba da zama a nan bayan kai ka buga ka tafi. Na kuma ga cewa waɗanda suka hana a zubar da jini ranar ba su ɗauki kansu jarumai ba. Da yawansu da abin da suke jin kunyarsa suka hana, shi ya sa ba su son a sani. In ba mu iya riƙe musu ba, ba za su ƙara buɗe mana ƙofa ba, kuma suna da gaskiya.

Mutumin da na ba ku labarinsa ba baduku ba ne, ba ya ɗingishi, ba a Zango yake ba, kuma ba famfo a gaban shagonsa. Ɗan ƙanensa ba a Zermu yake koyarwa ba. Rantsuwar da takalman ne kawai na bari yadda suke. Wannan takardar ma ta bi mataki na bakwai. Mutum biyu sun saurara, ba wanda ya ce ai wane ne.

Duk da haka na taɓa tabbata cewa na yi daidai, kuma kun ga inda ta kai ni. Saboda haka ga roƙona gare ka, kai mai karatu. In kana cikin karantawa ka ji kamar ka gane shi, kada ka faɗa wa abokin aikinka, kada ka faɗa a gida, kada kuma ka tambaye ni ko ka canka daidai, don ba zan amsa ba. Ka kawo mini takardar a biro, ka ɗora yatsanka a kan layin da ya nuna maka shi, in cire.